Ƙananan Jiragen Yaƙin Japan: Sana'ar Ƙera Su da Matsayinsu Cikin Shaidun Tarihi

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a duba wata sana'a wadda ba ta yaɗu a ƙasarmu ba, amma tana da abin da za ta koya wa mai neman tarihi da kuma mai koyar da shi. Sana'ar kuwa ita ce ƙera ƙananan jirage masu kama da manyan jiragen yaƙin Japan na Yaƙin Duniya na Biyu, da tara su. Wanda ya ji wannan da farko zai ɗauka wasan yara ne. Amma idan ya san cewa jiragen nan na ainihi duk sun halaka, kuma masu su sun ƙone yawancin takardun da su ka shafe su da hannunsu, zai gane cewa a wurare da yawa ɗan ƙaramin jirgin nan shi ne ya tsaya a matsayin shaida. Shaida kuwa, kowace iri ce, sai an auna ta kafin a karɓa.

Ya kamata mu fara daidaita kalmomi. Jirgi, a asalin Hausa, shi ne itacen da aka sassaƙa a ke ƙetare kogi da shi. Da zamani ya kawo jirgin ƙasa da jirgin sama, sai ya zama dole a ƙara masa "ruwa" kafin a gane na asalin. Babban jirgin yaƙi kuwa, mutanen dā su kan ce da shi manuwa, kalmar da aka aro daga Ingilishi. A cikin takardan nan, ƙaramin jirgin da aka ƙera bisa ma'auni za mu kira shi jirgin misali. Abin nufi da ma'auni shi ne irin wanda malamai su ke koyarwa a darasin taswira, watau kowane sashe na abu a rage shi da lissafi ɗaya. Wannan shi ne ya raba jirgin misali da motar kara wadda yara su ke yi bayan girbi. Motar kara kama ce ta ido, jirgin misali kuwa kama ce ta awo.

Abin da ya haɗa mu da jiragen Japan

Mai karatu zai iya tambaya, ina ruwan mutumin Garbadu, ko na Talata Mafara, ko Bakura da Maradun, da jiragen da su ka yi yawo a tekun da ke bayan Indiya? Amsa ita ce, jiragen nan su na cikin dalilan da su ka sa aka kwashi samarin Arewa aka kai su ƙasar Bama, wadda a ke kira Myanmar yanzu.

Ran 10 ga Disamba 1941 jiragen saman Japan su ka nutsad da manyan manuwa biyu na Ingila, Prince of Wales da Repulse, a gabashin Malaya. Singafo ta faɗi ran 15 ga Fabrairu 1942, Rangun ta bi ta a watan Maris. A watan Afrilu kuma Admiral Nagumo ya shiga Tekun Indiya da jirage biyar masu ɗaukar jiragen sama, watau Akagi da Soryu da Hiryu da Shokaku da Zuikaku. Ya kai hari Kolambo ran 5 ga wata, ya nutsad da Cornwall da Dorsetshire, bayan kwana huɗu ya ƙara da Hermes. Rundunar ruwan Ingila ta gabas ta ja da baya har Mombasa, a gaɓar Afirka. Da haka Japan ta tsaya a ƙofar Indiya, Ingila kuwa ta shiga neman mayaƙa ko'ina cikin ƙasashen da ta ke mulki.

A 1943 aka kafa Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, aka ɗauke ta a jiragen ruwa, aka zaga da ita ta kudancin Afirka zuwa Bombai. Runduna ta 82 ta bi bayanta a 1944. Lardin Sakkwato, wanda ƙasar Zamfara ta ke cikinsa a lokacin, yana cikin wuraren da aka ɗebi soja ta hannun sarakuna da hakimai, kuma Hausa ce harshen da sojan Nijeriya su ke magana da shi a bariki. Waɗansunsu sun yi yaƙi a kwarin Kaladan da ƙasar Arakan. Bataliya ta 6 da ta 7 da ta 12 ta sojan Nijeriya an haɗa su da rundunar Janar Wingate, wadda a ke kira Chindit, aka sauke su da jiragen sama a bayan abokan gaba a 1944. Da yawa kuma ba su riƙe bindiga ba, kaya su ka yi ta ɗauka a ka cikin duwatsu da kurmin da mota ba ta shiga.

Tekun da su ka ƙetare ba amintacce ba ne. Ran 12 ga Fabrairu 1944 wani jirgin ƙarƙashin ruwa na Japan, mai lamba I-27, ya harbi jirgin soja Khedive Ismail kusa da tsibiran Maldib, yana kan hanya daga Mombasa zuwa Kolambo. Jirgin ya nutse cikin 'yan mintoci, mutum kusan 1,300 su ka halaka, yawancinsu sojan igwa na Afirka ta Gabas. Saboda haka duk sojan da ya tsaya gadi a kan jirgi yana duban ruwa, ransa da na 'yan'uwansa ya rataya a kan ya gane abin da ya hango. A nan ne jirgin misali ya fara shiga labarin.

Jirgin misali a lokacin yaƙi

Tun 1898 wani Bature mai suna Fred T. Jane ya fara buga littafin shekara-shekara mai ɗauke da siffofin jiragen yaƙin duniya, ya kuma tsara wasan dabarun yaƙin ruwa wanda a ke yi da ƙananan jirage a kan tebur. Kamfanin Bassett-Lowke na garin Northampton a Ingila ya shahara wajen ƙera irinsu, bisa ma'aunin inci ɗaya a madadin ƙafa 100, watau kashi ɗaya cikin 1,200. Da yaƙi ya ɓarke, Ingila da Amurka su ka sa aka yi su da yawa, na itace da na ƙarfen zubi, aka raba wa jiragen ruwa da makarantun matuƙan jirgin sama.

Irin waɗannan ba a yi musu ado. Fenti ɗaya a ke shafa musu, mai ruwan toka, kuma a kan yanke su daidai inda ruwa ya ke tsayawa a jikin jirgi, domin abin da ke ƙasa da nan mai hange ba ya ganinsa. Malami ya kan ajiye jirgin nesa da ɗalibi, cikin haske kaɗan, ya juya shi ta wannan gefe da wancan, ɗalibi ya faɗi irinsa nan take. Abin da a ke lura da shi shi ne yawan bututun hayaƙi, da inda igwogi su ke, da siffar hasumiya. Manuwan Japan na dā an san su da doguwar hasumiya mai hawa-hawa, wadda aka yi ta ƙara wa bene a kan bene shekara da shekaru. A Amurka har 'yan makaranta aka sa cikin aikin: a 1942 hukuma ta nemi su sassaƙa ƙananan jiragen sama 500,000 bisa ma'aunin ɗaya cikin 72, don horad da soja.

Amma maƙeri ba ya wuce labarin da aka ba shi. Japan ta gina manyan manuwa biyu, Yamato da Musashi, cikin matuƙar asiri. An kafa Yamato a ma'aikatar jirage ta Kure ran 4 ga Nuwamba 1937, aka rufe wani sashe na wurin da rufi don kada a hango daga tudu. Musashi kuwa a Nagasaki aka gina shi, bayan wani babban labule na igiyoyi. Ko cikin takardun hukuma an rubuta faɗin bakin igwoginsu da ƙarya, aka rage shi. Saboda haka har yaƙi ya ƙare Amurkawa su na zaton igwogin nan inci 16 ne, alhali kuwa sun ɗara inci 18, kuma sun raina nauyin jiragen ƙwarai. Duk misalin da aka ƙera wa soja a kan wannan zato, kuskuren yana cikinsa, kome kyan aikinsa.

Akwai kuma misalin da aka yi don a ruɗi ido. A Disamba 1942 kamfanin sinima na Toho ya fitar da fim a kan harin da Japan ta kai Pearl Harbor shekara guda kafin nan. Wani gwani mai suna Eiji Tsuburaya ya gina tashar jiragen duka a ƙaramin ma'auni, da ruwanta da jiragenta, ya ɗauki hotonta ana ragargaza ta. An ce bayan yaƙi waɗansu sun ɗauki hotunan nan a kan na ainihin harin ne. Mu kan ce gani ya kori ji, amma a nan ganin ne ya ɓad da mutane.

Yamato da ƙone takardu

Tsawon Yamato ƙafa 863 ne, watau kamar filin ƙwallo biyu da rabi a jere. Idan an cika shi da kaya nauyinsa ya kan kai tan 72,000. Manyan igwoginsa tara ne, kowace tana jefa harsashi mai nauyin kusan tan ɗaya da rabi har nisan mil 26, kusan tazarar Kano da Wudil. An sa shi ruwa ran 8 ga Agusta 1940, ya fara aiki ran 16 ga Disamba 1941. Sunan da aka ba shi tsohon sunan ƙasar Japan ne kanta, gama al'adarsu ce su sa wa manyan manuwa sunayen lardunan dā, masu bi musu sunayen duwatsu da koguna, ƙanana masu sauri kuwa sunayen iska da ruwan sama da hazo.

Jiragen saman Amurka sun nutsad da Musashi ran 24 ga Oktoba 1944 a tekun Filifin. Na ukunsu, Shinano, wanda aka mayar mai ɗaukar jiragen sama, an harbe shi ran 29 ga Nuwamba 1944, kwana goma da fara aikinsa. Yamato kuwa an tura shi Okinawa ba tare da jiragen saman da za su kāre shi ba, aka nutsad da shi ran 7 ga Afrilu 1945. Cikin manyan manuwa 12 da Japan ta yi yaƙin da su, Nagato kaɗai ya kai ƙarshe yana bisa ruwa, shi ma Amurka ta nutsad da shi a Yuli 1946 wajen gwajin bom ɗin atom a tsibirin Bikini.

Tsakanin ran 15 ga Agusta 1945, da Sarkin Japan ya sanar da saduda, da isowar sojan Amurka a ƙarshen watan, ma'aikatun soja su ka yi ta ƙone takardu dare da rana. Zane-zanen Yamato da hotunansa da yawa sun tafi cikin wutan nan. Hotunan Shinano da aka sani ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Abin da ya tsira, ya tsira ne a hannun ɗaiɗaikun mutane. Mafi shahara cikinsu shi ne Shizuo Fukui, injiniyan gina jirage na rundunar ruwa, wanda ya ƙare rayuwarsa yana tara hotuna da zane-zane har rasuwarsa a 1993. Daga irin tarinsa, da tunanin tsofaffin ma'aikata da matuƙan da su ka tsira, aka riƙa harhaɗa siffar jiragen kaɗan-kaɗan. Waɗanda su ka fi matsa tambaya kuwa su ne masu ƙera jiragen misali, domin marubuci yana iya tsallake abin da bai sani ba, amma maƙeri tilas ya sa wani abu a kowane lungu na jirgin.

Daga baya teku ta ba da tata shaidar. An gano gawar Yamato a 1985, a zurfin ƙafa wajen 1,100, aka sāke bincikenta a 1999 da 2016. An gano ta Musashi a 2015. Kowane bincike ya gyara wani abu. Alal misali, tambarin fure na gidan sarautar Japan da ke goshin Yamato, an daɗe ana zaton faɗinsa ya kai ƙafa biyar, sai awo ya nuna bai wuce ƙafa uku da 'yan kai ba. A 2005 birnin Kure ya buɗe gidan tarihi wanda babban abin kallonsa shi ne misalin Yamato bisa ma'aunin ɗaya cikin goma, mai tsawon ƙafa 86.

Sana'ar Shizuoka

Cibiyar wannan sana'a ita ce birnin Shizuoka, wanda ya daɗe da shahara wajen aikin itace. Yoshio Tamiya ya kafa masassaƙar katako a can a 1946, ya shiga yin ƙananan jirage na itace. Da filastik ya shigo, kamfanin Marusan na Tokiyo ya fitar da na farko a Japan a 1958. Tamiya ya bi baya a 1960, kuma abin da ya fara yi shi ne Yamato bisa ma'aunin ɗaya cikin 800, ko da yake bai yi kasuwa ba.

Babban canji ya zo a 1971, sa'ad da kamfanoni huɗu na Shizuoka, watau Tamiya da Hasegawa da Aoshima da Fujimi, su ka yi yarjejeniya. Su ka tsai da ma'auni ɗaya, kashi ɗaya cikin 700, su ka raba jiragen rundunar dā a tsakaninsu don kada biyu su yi abu guda, su ka kuma yanke su a iyakar ruwa kamar yadda aka yi wa na soja lokacin yaƙi. Fujimi ya fita daga yarjejeniyar a 1992, sauran su ka ci gaba. Amfanin ma'auni ɗaya shi ne, idan aka jera jirage a kan tebur, girman kowane bisa ga ɗan'uwansa zai fito daidai. A wannan ma'auni Yamato ya kan kai kusan inci 15. Mai son ya nuna ƙananan abubuwa sosai ya kan ɗauki na ɗaya cikin 350, wanda ya ninka wannan tsawo.

Yadda a ke aikin shi ne, kamfani ya kan zuba narkakken filastik cikin mazubi na ƙarfe, kusan yadda maƙeran fari su ke zubin tagulla, sai gutsattsarin jirgi su fito manne da wani ɗan firam. Mai saye ya yanke su ɗaya-ɗaya, ya goge bakinsu, ya haɗa da gam, ya shafa fenti. Abubuwan da su ka fi siriri, kamar shingen gefen jirgi da tsani, a kan yi su da fallen tagulla mai kaurin takarda. Gwanaye su kan bi diddigin abin da wani zai ga bai kai a kula ba. Sun san ruwan tokar da ma'aikatar Kure ta ke shafawa ya bambanta da na Sasebo, da na Maizuru, da na Yokosuka, har ana sayar da fentin kowace dabam.

Masu tarawa kuma iri-iri ne. Wani ya kan bi jirage 'yan gida ɗaya, waɗanda aka gina da zane guda, har ya cika su. Wani ya kan ɗauki yaƙi ɗaya, kamar na Midway a Yuni 1942, inda Japan ta yi hasarar Akagi da Kaga da Soryu da Hiryu, ya tara duk jiragen da su ka halarta. Waɗansu kuwa tsofaffin misalan soja na lokacin yaƙi su ke nema, waɗanda yanzu su kansu sun zama kayan tarihi, tare da kurakuransu.

Yadda za a auna wannan shaida

Malamanmu ba su karɓar ruwaya sai sun tambayi wa ya faɗa, daga wa ya ji. Haka ya kamata a yi wa jirgin misali. Tambaya ta fari ita ce, daga ina maƙerin ya sami siffar? Misalin Yamato da aka yi a 1944, da wanda aka yi a 1960, da wanda aka yi bayan 2016, ba darajarsu ɗaya ba, domin na farko an yi shi da zaton abokan gaba, na biyu da tunanin tsofaffi da 'yan hotuna, na uku kuwa da awon gawar jirgin.

Ta biyu, wace rana a ke nufi? Jirgi ba ya zama da siffa ɗaya. Yamato na 1941 yana da matsakaitan igwogi a gefensa biyu, waɗanda aka cire a 1944 aka sa bindigogin harbin jiragen sama a madadinsu, aka kuma yi ta ƙara su har ran da ya nutse. Wanda ya haɗa kayan 1941 da na 1945 a jiki ɗaya ya ƙera jirgin da bai taɓa kasancewa ba. Daga nan sai a tambayi inda aka cike giɓi da zato. Maƙeri mai amana ya kan faɗi wuraren nan, marar amana ya kan bar fenti ya rufe su. Duk mai misalin Shinano, mafi yawan abin da ke hannunsa kintace ne na masana. Kama da Wane ba Wane ba ne.

Abin da ya fi waɗannan duka nauyi shi ne abin da misali ba ya iya nunawa. A ma'aunin ɗaya cikin 700, mutum bai fi ƙwayar gero ba, saboda haka yawanci ba a sa shi. Jirgi ya kan fito tsaf, ba jini ba hayaƙi. Amma ran da Yamato ya nutse, cikin mutum fiye da 3,300 da ke cikinsa, waɗanda su ka tsira ba su kai 300 ba, Amurka kuwa jiragen sama 10 ta rasa da mutum 12. Shugabannin da su ka tura shi sun san ba zai komo ba. Ga kuma jirgin nan Tone, wanda masu sana'ar su ke sha'awa saboda an tara manyan igwoginsa duka a gaba. A Maris 1944 ya nutsad da jirgin fatauci na Ingila mai suna Behar a Tekun Indiya, ya tsamo mutanensa daga ruwa, bayan 'yan kwanaki aka kashe fiye da 70 daga cikinsu a kan jirgin. Saboda wannan aka rataye Admiral Sakonju a Hong Kong a 1948. Ba abin da zai nuna wa mai kallon misalin Tone wannan labari, sai fa in an rubuta an ajiye a gefensa. Wanda ya koyar da jirgin ya bar labarin, ya koyar da rabin gaskiya, kuma rabin da ya fi daɗin kallo ya zaɓa.

Abin da ya rage gare mu

Mutanen Japan sun ƙone takardunsu, sa'an nan su ka shafe shekaru su na tsintar abin da ya saura, har su ka san faɗin tambarin da ke goshin jirgi. Mu ba mu ƙone kome ba, amma abin da mu ka ajiye na yaƙin nan kaɗan ne. Sunayen wuraren da mazanmu su ka yi yaƙi su na nan a jikin barikoki: Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Chindit a Zariya, Letmauk a Ibadan, Dodan da Myohaung da Arakan a Ikko. Kaɗan ne cikin masu wucewa ta ƙofofinsu su ka san daga ina sunayen su ka fito. Saurayin da aka ɗauka soja yana da shekara 18 a 1943, in yana raye ya kai shekara ɗari. Watau bakunan da su ka riƙe labarin sun kusa ƙarewa, saura 'ya'ya da jikoki da su ka ji daga gare su, da lambobin girma da takardun sallama da ke cikin adakoki. A Zamfara, inda rashin zaman lafiya ya tā da ƙauyuka da yawa cikin shekarun nan, irin waɗannan kaya su ne na farkon ɓacewa ran da aka yi gudu.

Abin da mu ke roƙon malaman kwalejojin horon malamai iri biyu ne. Na ɗaya, su sa kowane ɗalibi, in ya koma gida hutu, ya nemi gidajen da aka taɓa yin tsohon sojan Bama, ya rubuta abin da aka riƙe, ya kwafi lambar soja da sunan bataliya daga takarda in akwai, ya kuma rubuta wa ya gaya masa, daga wa shi kuma ya ji. Da lamba da bataliya a ke iya haɗa labarin baka da abin da ke cikin ma'ajiyar takardun gwamnati ta Kaduna.

Na biyu, su ɗauki ma'auni su haɗa shi da gwanintar da yaranmu su ke da ita tun dā. Yaron Garbadu wanda ya iya feƙe ɓawon kara, ya soka shi cikin totuwa, ya tā da mota har da ƙafafu masu juyawa, hannunsa ya riga ya iya aikin. Abin da ya rage a ba shi shi ne magwaji da lissafi. A fara da auna ƙafa 863 a fili, yara su tsaya a kan iyakokin biyu su ga girman Yamato da idonsu, sa'an nan su rage shi zuwa inci takwas da rabi da ɗan ɗori bisa ma'aunin soja na dā. In sun gane wannan, sai a juya ga abin da ke namu: rumbun ƙasa, da soron zaure, da tsohon masallaci, da jirgin fito na gulbi, bisa inci ɗaya a madadin ƙafa ɗaya. Da aka gama madatsar ruwa ta Bakolori a 1978, ruwa ya ci gonaki da ƙauyuka a ƙasar Maradun. Da an auna gidajen nan an ƙera misalinsu kafin ruwa ya zo, da jikokin masu su sun ga inda kakanninsu su ka zauna.

Sharaɗi ɗaya ne za a tsare, wanda labarin jiragen Japan ya koya mana. Kowane misali a haɗa shi da takarda mai faɗin sunan abin, da ranar da aka auna shi, da ma'aunin da aka bi, da wuraren da aka kintata, da labarin mutanen da su ka yi amfani da shi. In kara ya ruɓe, ko gara ta ci, takardar za ta isa wani ya sāke ƙera shi. Allah ya ba mu ikon tsare abin da aka bar mana.